Tela da Firizar Maƙwabci

Tunda ka ce buɗin da abokin sana'arka ya samu ya fara hana ka sakewa, gyara zama ka ji wani misali.

A wani gidan haya an yi wani tela da wani masinjan ofis, ƙofofinsu na kallon juna. Shekara da shekaru suna zaman lafiya, don babu wanda ya fi wani, kowa fanka ɗaya da ƙwan fitila ɗaya. Mitar gidan guda ce, ta kati. In wata ya kama a yi karo-karo a sayo wuta, in ta ƙare kowa ya ɗauki mafici. Ana nan sai masinja ya yi ritaya, ya kwashi kuɗin sallamarsa ya sayo firiza, irin doguwar nan mai kwanciya kamar akwatin lefe. Matarsa ta fara ƙulla zoɓo da kunun aya da ƙanƙara a leda. Shi da bakinsa ya ce a riƙa karɓar kaso biyu a wurinsa. Kowa ya ce madalla, ban da tela.

Tun ranar da aka shigo da farar abar nan tela ya sa mata ido. Da kuɗin wuta ya fake, amma abin da ke cin ransa shi ne yara na ta sallama a ƙofar da ba tasa ba, ga ƙamshin miyar nama na fitowa daga ɗakin da a da sai kuka da daddawa. Yana kan keke yana ɗinki, kunnensa na can wajen gurnanin firiza. Ta tashi ya ji, ta yi shiru ya ji. Hassada ce tsagwaronta, shi ma ya sani, amma ya naɗa mata rawani ya kira ta neman gaskiya. Ya shiga bin 'yan haya ɗaki-ɗaki yana cewa, "Abin da ba ya barci ai shi ke shanye mana wuta. Mu da biya, wani da riba." Ya zuga wannan ya zuga wancan, har magana ta kai ga mai gida, aka yanke cewa ko masinja ya sa mitarsa daban, ko ya kashe firiza. Tela ya yi murna a ransa, don ya san kuɗin sallama sun ƙare, har ya fara hango firiza ta koma ma'ajiyar tsofaffin kwanuka. Sai matar masinja ta sayar da tunkiyarta da 'yan kunnenta, aka ja musu layi nasu.

Wata ya kama aka yi karo-karo, babu mai kaso biyu, wuta kuwa ta ƙare tun kafin wata ya raba. Ashe firiza in tana cike kuma murfinta a rufe, ba wani cin kirki take yi ba, ta ɗan yi gurnani ta huta. Ɓarayin wutar suna nan a gida: hitar da ake jefawa cikin bokiti, da rishon lantarkin wata 'yar haya, uwa uba dutsen gugar tela da ke jone tun safe har magariba. Mutanen da ya koya wa bin diddigi da shi suka fara. Suka ce ba za su ƙara ko sisi ba sai ya ɗauki kason da masinja ya sauke. Ya yi fushi, suka fi shi fushi, gida ya zauna a duhu. Ga azumi ya kama cikin zafin bazara, ga ɗinkin sallah jibge. Tela ya koma dutsen gawayi, yana fifita yana zufa, har wata rana garwashi ya faɗo ya huda shaddar mutane.

A ɗakin masinja kuwa labari ya sha bamban. A da, duk lokacin da katin gida ya ƙare sai an yi ta jan ƙafa kafin a haɗa kuɗi, ƙanƙara ta narke, zoɓo ya yi tsami a zubar a kwata. Yanzu in ba an ɗauke wutar unguwa gaba ɗaya ba, firiza ba ta tsayawa. Ƙanƙararsu ta fi ta kowa ƙarfi, tun la'asar layin masu saye yake kaiwa bakin titi. Tela na zaune cikin hayaƙin gawayi yana kallon robobi na wucewa ta gabansa, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Bayan sallah, da hantsi, sai ga mai turin kura ya tsaya a ƙofar gida da wata firiza da ta fi ta farko girma. Aka rasa hannun da zai kama, masinja ya leƙo da fara'arsa, zuciyarsa ɗaya.

"Malam tela, don Allah kama mana nan. Ai kai ne sila. Da ba ka kawo shawarar raba mita ba, da har yau muna zubar da zoɓo. Allah ya saka maka da alheri."

Tela ya ajiye almakashi, ya sunkuya ya kama gefen da ya fi nauyi, ya ce amin da ƙyar. Da hannunsa aka shigar da ita har ƙuryar ɗaki.

To, ka ji. Kafin ka tashi yi wa abokinka wani shiri, tuna abin da Hausawa suka ce: hassada ga mai rabo taki ce.