Littafina a Gonar Kaji

"Dakta, wa ya taɓa amfana da binciken nan naka?" Shugaban sashenmu ya tambaye ni, yana juya takardun neman ƙarin girmana kamar mai zaɓen ruɓaɓɓen tumatir. "In ba ka kawo shaida ba, bana ma ka manta da zama farfesa."

Rabin rayuwata na ƙarar ina rubutu kan haƙƙin kajin gona da dokar muhalli. Ko matata, a shafi na biyu na littafin da na wallafa barci ya kwashe ta.

Na leƙa shagon littattafan jami'a in gaisa da kwafin da suka yi kwantai. Mai shagon ya ce ai sun ƙare, wata mai gonar kaji ta kwashe su kaf.

Washegari na sa kwat, na ɗauki shugaban a motata har gonar.

"Kai ne marubucin? Allah ya yi maka albarka," in ji matar. "Tun da na samu littafinka 'yan tsakina suka daina mutuwa."

Na saci kallon shugaban, na gyara murya. "Wane babi ya fi taimaka miki, Hajiya?"

"Duk ɗaya ne a wurina. Ku zo ku gani."

Ta buɗe ɗakin raino. 'Yan tsaki na ta tsalle a kan shafukana, an shimfiɗe su bango zuwa bango. Wani ya yi kashi daidai kan sunana.

"Takardarka ta fi jarida tsotse danshi," ta ce. "Yaushe na biyu zai fito? Don Allah ka ƙara masa kauri."