Kunamar Bindiga

Bindigar tana kwance a gaban maƙerin. Baƙon da ya fito da ita daga dajin Falgore yana tsugune, yana jiran a gyara masa kunamarta.

Jiya-jiyan nan tsohon maƙerin ya gama roƙon ɗansa a waya. Ɗan yana walda a wata masana'antar makamai a Turai, ya kuma yarda zai shaida wa kotu cewa abin da suke ƙerawa ne ke faɗawa kan gidajen Falasɗinawa, ko alƙali zai hana fitar da makaman.

"Korar ka za su yi, ko ma su ɗaure ka. Don Allah ka ja bakinka."

"Baba, kai fa ko wuƙa ba ka miƙawa sai ka ji abin da za a yanka."

Yanzu baƙon ya gyara rawaninsa, idanu kaɗai a waje. "Tsoho, hura wutar mana, sauri nake."

Maƙerin yana jiyo dariyar jikokinsa a bayan rumfa. Ya miƙa hannu zai kama zugazugi, sai hannun ya zarce kan butar alwala, ya tuttule ta a garwashin.

Cikin tururin ya ce, "Samari, wa za a harba?"