Kunnen Bango

Mai Agogo ya kunna faifan, ya koma kan benci a bayan shagon aski, ya haɗe fuska kamar bai san komai ba.

Dokar zaman Asabar ke nan: wanda ya kawo faifai ba ya faɗin mai shi. A saurara tukuna, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan a ƙarasa gardamar a zauren intanet, inda kowa yake da sunan aro. Su ba masu jin waƙar rawa ba ne. Kiɗan da maƙwabci zai ji ya leƙo ya tambaya ko injin wanki ne ya lalace, shi suke nema ido rufe.

Abin da bai faɗa musu ba, faifan ranar nasa ne. Shekara uku yana haɗa shi a ɗan ɗakin ajiyar gidansa, ƙofa a kulle: ƙarar agogo arba'in da ba su yarda da juna ba, ɗigon famfo, kukan ƙyauren kicin, har dariyar matarsa da ya sata tana shanya. Ya sake shi a intanet da sunan aro, kuma ita kaɗai ta sani.

Direba, ɗaya daga 'yan zaman, ya ce waƙa ta huɗu a faifan ta tuna masa da asibiti. Mai Aski kuwa, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, ya goge almakashi a cinya ya ce, "Na ji duka waƙoƙi takwas ɗin nan. Mutumin yana da kunne, tausayin mai sauraro ne ba shi da shi." Aka yi dariya. Mai Agogo ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, don a bakin Mai Aski wannan yabo ne.

Ran Litinin wani mai suna Kunnen Bango ya yi rubutu a zauren.

"Wannan ba kiɗa ba ne. Mutum ne ya kulle kansa a ɗaki ya manta akwai mutane a waje. Daga ta farko har ta tara, ba inda za ka ji yana magana da wani. Ta taran ta fi ciwo: ya ɗauki dariyar mutum ya yi mata gunduwa-gunduwa, kamar ba mai rai ce ta yi ta ba."

Kafin azahar mutum ɗari uku sun sa hannu. Masu tsokana suka mai da faifan abin wasa, wani ya ce da shi yake korar ɓeraye. Mai Agogo ya karanta rubutun har ya haddace.

Matarsa ta zare abin sauraro daga kunnenta, ta ajiye masa ruwa. "Ni fa, Baban yara, kunnena na waƙar biki ne, ban san kan abin nan naku ba. Amma don Allah kar wani marar suna ya hana ka cin abinci."

Shi dai ya riga ya yanke hukunci. Wa ya iya yanka mutum da baki haka in ba Mai Aski ba? Shekara goma sha biyu suna musayar faifai, ashe zai yi masa dariya a gaba, ya zagaya ya soke shi ta baya. Abin ya ci masa rai fiye da zagin kansa.

Ya daina zuwa zaman Asabar. Ya canja wurin aski, aka dinga ɓata masa ƙeya yana haƙuri. Faifai na biyu da ya kai rabi ya goge shi da hannunsa, ya zuba makirufo da wayoyi a kwali ya tura ƙarƙashin gado. Da yamma ya koma zaman falo, yara na hawa kafaɗarsa. Matarsa ta yi haske, har ta dawo da waƙe-waƙenta a kicin. Ya ce a ransa, ko ba komai Allah ya ba shi mace mai tsayawa da shi.

Bayan wata biyu Mai Aski ya shigo shagonsa da agogon da lafiyarsa ƙalau, ya ajiye a kan tebur.

"Gyara min. In ka gama ka gaya min laifina."

"Tambayi Kunnen Bango," in ji Mai Agogo, bai ɗago ba.

"Ni? Haba, abokina! Wallahi in zan zage ka, a gabanka zan yi, kana kan kujerata, aska a wuyanka. Tun ƙarar farko na gane naka ne, wa ke da agogo arba'in in ba kai ba? Ni abin da ya ɗaure min kai a rubutun nan ma, wace ce ta tara? Sau biyu na sauke faifan, na ƙirga da yatsa. Takwas ne. Kuma ban ji dariyar kowa ba."

Ɗan sukudireban ya suɓuce daga hannun Mai Agogo, ya gangara ƙarƙashin tebur.

A kansa kullum tara ne, don tara ya haɗa, shi ya sa idonsa ya bi ta kan kalmar sau ɗari bai tsaya ba. Amma ranar da zai saki faifan ya cire ta ƙarshe, ya ce wannan ta fi ƙarfin kunnen duniya. Ya tura ta kyauta zuwa waya ɗaya tak, wayar matar da ta ce kunnenta na waƙar biki ne.