Sallama a Tungar Marke

Mutanen Tungar Marke manoma ne, amma ƙasarsu ta gaji. Sai ƙaramar hukuma ta kwashe kowa zuwa birni, don gonaki su huta shekara arba'in. Tsoho Nomau kaɗai aka bari yana ba itatuwan gidaje ruwa.

Ranar da aka yarda jikarsa Tasalla ta ziyarce shi, ta ga duk gidan da zai shiga sai ya yi sallama.

"Kaka, da aljanu kake gaisawa?"

"Gidan mutane ne, uwar surutu."

Ta riga shi shiga gida na gaba, gidan Jatau, ta laɓe. Da ya yi sallama, ta amsa da babbar murya irin ta maza.

Garwar ruwan ta suɓuce masa. "Jatau! Kun dawo?"

Nan Tasalla ta gane cewa kullum sauraron amsa yake yi.