Direban Da Ya Hau Dutse Da Man Rani

Wani direban tirela ne, ya shekara ashirin yana keta hamada, daga baya neman abinci ya kai shi wata ƙasa mai dusar ƙanƙara. A can man dizal iri biyu ne: na rani, da na hunturu wanda ake sirkawa da kananzir don kada ya daskare. Shi kuwa yana da duro biyu na man rani da ya ajiye a bayan gida tun lokacin zafi. Ranar da zai tsallaka wani dutse da kaya, ya juye su a tanki. Da ya tsaya a gidan mai na gindin dutsen, wani tsoho da ke wurin ya ji irin man da ya zuba, ya ce masa, "Baƙo, wannan man ba ya hawa sama a watan nan." Direba ya yi murmushi kawai. A ransa ya ce mai ai mai ne.

Da hantsi ya kai tsakiyar dutse. Duniya ta yi fari fat, babu tsuntsu, babu sawun kowa. Can ya hango wata tirela a gefen hanya, dusar ƙanƙara ta rufe ta har rabin taya. Ya tsaya, ya bar injinsa a kunne, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa. Shiru. Ya goge gilashi da hannun riga. Mutum ne a zaune, hannu biyu a kan sitiyari, ido buɗe yana kallon hanya, ƙanƙara ta kama gashin girarsa. Direba ya ja da baya, ya buɗe tankin motar don ya ga ko mai ne ya ƙare wa bawan Allah. Tanki cike yake maƙil. Ya tsoma sanda, ta fito da abu fari mai kauri kamar kakiɗe.

Yana nan tsaye da sandar sai ya ji injin tasa motar ya yi tari. Ya sake yi. Bai san lokacin da ya kai kujerarsa ba. Da ƙyar ya juya kan motar, gangara ta kawo shi ƙasa, injin ya mutu daidai bakin gidan mai. Ya faɗa wa tsohon abin da ya gani a sama, sannan ya roƙe shi ya zuƙe tankin kaf, ya zuba masa na hunturu.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.