Butar Iya Delu

Tun da aka kafa dokar itace, duk yaron da ya kai shekara sha uku sai a ba shi dashe ɗaya, a ɗaura wa dashen zoben ƙarfe mai sunansa, wanda ke ƙyafta jar wuta in itacen na neman mutuwa. Ran da itacen ya mutu, ran nan karatunsa ya ƙare.

Darbejiyar Shafa'atu saura ganye bakwai. Bayan Azahar ta bi maƙwabta da kwano tana roƙon ruwan alwalar da suka tara, amma kowane gida da nasa dashen. Ta dawo da kwanon a bushe.

Kakarta, Iya Delu, ta miƙo mata buta cike.

"Iya, ai rabon ruwanki ne na yau. Da me kika yi salla?"

"Taimama nake yi, yau kwana tara. Allah na gani."

Shafa'atu ta tsiyaya a hankali. Ƙasa ta shanye nan take, zoben bai daina ƙyafta jar wuta ba.

Iya ta daɗe tana kallon wurin.

"Ki gaya wa babanki, ran da ta Allah ta kasance, a gindin darbejiyar nan za a yi mini wanka. Guga biyu masu rabon ruwa suke ba gawa."