Baƙin da Aka Farke

"Kawo ƙyallen nan in farke baƙin," ta ce, almakashi a hannunta.

Mijin ya dafe wuyansa. Ƙyallen da ke ɗaure a wuyan rabi ja ne rabi baƙi, alamar 'yan ƙin-mulki, masu cewa ba sarki ba ubangida. 'Yan gurguzu kuwa ja zalla suke ɗaurawa, kuma tun da ɓangarorin biyu suka gwabza a titunan Barcelona shingayen bincike suka koma hannun 'yan gurguzun.

"Abokanka goma sha ɗaya sun zo da ƙafarsu na mayar musu da shi ja. Kai ka fi su zuciya ne?"

"Haba ke kuwa," ya ce yana dariya. "Wata bakwai muna ramin yaƙi ɗaya da 'yan gurguzun nan a Aragon. Kwarkwatarmu ɗaya, sigari ɗaya muke zuƙa mu miƙa wa juna. Maƙiyi yana can bakin daga."

Ya fita sayen burodi, bai dawo ba.

Maƙwabta suka ce wanda ya tare shi a shinge har da kiransa ɗan'uwa, wai tambaya biyu ce kawai. Ta bi ofis-ofis har zafi ya wuce, sannan aka miƙo mata takalmansa.

A kasuwa babu baƙin yadi, matan da yaƙi ya cinye wa maza sun riga ta. Ta dawo ta jawo kwandon ƙarƙashin keken ɗinki, ta harhaɗa guntaye goma sha ɗayan da ta farke. Suka kusa isa mayafin makoki. Kusurwa ɗaya ce ta rage, daidai girman rabin ƙyalle.